Ganin Ido Ba Sanin Hali Ba Ne

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya keɓanta da sanin abin da zukata suka ɓoye, Ya bar wa bayinSa yin hukunci da abin da ya bayyana. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

 Karatunmu na yau yana kan wani al'amari da babu wanda ya kuɓuta daga gare shi. Mutum ya tsaya gabanka, ba ka taɓa ganinsa ba, kafin ya idar da sallama zuciyarka ta riga ta yanke masa hukunci: ko ta ce wannan mutumin kirki ne, ko ta ce wannan ba abin yarda ba ne. To, wannan abin da ya faɗo a zuciya a ganin farko, shin abin dogaro ne? Ana iya ba da ɗiya a kansa? Ana iya ba da dukiya a kansa? Ana iya hana wa mutum haƙƙinsa saboda shi?

Mun zaɓi wannan magana ne domin watan azumi watan baƙi ne. A cikinsa masu wa'azi suke zagaya garuruwa, masu neman taimako suke tsayawa bayan salla, ƴan cirani suke komowa gida tare da abokan da suka yi a can, kuma a cikinsa ake ƙulla maganar auren da za a ɗaura bayan salla. A wata shekara wani dattijo ya same mu bayan sallar asham, hawaye suna zuba a gemunsa. Ya ce ya ba da ɗiyarsa ga wani baƙo da ya gani a sahun farko kwana ashirin a jere, da farar riga da tasbaha, mai taushin murya. Ba a cika wata huɗu ba mutumin ya ɓace, ya bar yarinya da ciki, sannan labari ya iso cewa haka ya yi a garin da ya baro. Muka tambayi dattijon wa ya tambaya kafin ya ba da ita. Ya ce bai tambayi kowa ba, shi dai fuskar mutumin ta kwanta masa. Wannan dattijo ba jahili ba ne, kuma ba mugu ba ne. Ya dai ɗora wa ganin ido kayan da ba ya iya ɗauka.

Fasali na farko: abin da ke gaskiya a cikin ganin farko

Ba za mu ce ganin farko banza ne baki ɗaya ba, domin hakan ya saɓa wa abin da muka karanta da abin da muka gani. Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma ba su faɗe shi a banza ba. Allah Ta'ala Ya ambaci masu lura da alamu a aya ta 75 ta Suratul Hijri, kuma malamai suna kiran wannan baiwa firasa. Ya inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa rayuka kamar runduna suke, waɗanda suka san juna sukan saba, waɗanda ba su san juna ba sukan saɓa. Shi ya sa kakan ji wani ya shiga ranka tun ranar farko ba tare da ka san dalili ba.

Abdullahi ɗan Salamu, Allah Ya ƙara masa yarda, babban malamin Yahudawan Madina ne kafin ya musulunta. Da Annabi ya iso Madina a shekarar hijira, wato 622 ta lissafin Miladiyya, mutane suka ruga kallonsa, shi ma ya je. Ya ba da labari da kansa cewa da ya dubi fuskar Annabi sosai sai ya gane ba fuskar maƙaryaci ba ce. Wannan ganin farko ne, kuma ya dace. Amma ku dubi abin da malamin nan ya yi, kamar yadda Buhari ya kawo: ya zo da tambayoyi uku waɗanda ya ce babu mai sanin amsarsu sai Annabi, ya tambayi farkon alamun tashin alƙiyama, da farkon abincin ƴan Aljanna, da abin da ke sa ɗa ya yi kama da uba ko da uwa. Da ya ji amsa sai ya yi shahada. Fuska ta buɗe masa ƙofa, tambaya ce ta shigar da shi ciki. In har mai ilmi ya haɗa gani da tambaya a gaban fuska mafi gaskiya da aka taɓa halitta, ina ga ni da kai a gaban baƙon da ya sauka jiya a tasha?

Fasali na biyu: inda ganin farko yake yaudara

Yaudararsa ta fuska biyu ce. Yakan ɗaukaka wanda bai cancanta ba, yakan kuma ƙasƙantar da wanda ya fi mu wurin Allah.

Amma ta farko, Allah Ya siffanta munafukai a aya ta 4 ta surarsu da cewa jikinsu yana ƙayatar da mai kallo, maganarsu tana jan kunne, sannan Ya kamanta su da itacen da aka jingine, wanda babu rai a cikinsa. A aya ta 204 ta Suratul Baƙara kuma Ya ambaci mutumin da zancensa yake da daɗi, yana kafa Allah shaida a kan abin da ke zuciyarsa, alhali shi ne mafi tsananin husuma. Irin wannan ne Hausawa suke kira Musa a baki, Fir'auna a zuci. Ko hawaye ma ba hujja ba ne. An ruwaito cewa wata mata ta zo gaban alƙali Shuraihu, wanda Sayyidina Umaru ya naɗa a Kufa, tana kuka mai tsanani. Malam Sha'abi yana zaune, ya ce shi yana ganin an zalunce ta. Sai alƙali ya tunatar da shi cewa ƴan uwan Annabi Yusufu ma da kuka suka komo wa mahaifinsu da dare, alhali su ne suka jefa shi rijiya. Alƙalin bai ce matar maƙaryaciya ce ba. Ya dai ƙi ya bar kuka ya zauna a mazaunin shaida.

Kada wani ya ce shi idonsa ya buɗe, ba a ruɗinsa. Limaminmu Maliku ɗan Anas, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, babu wanda ya fi shi tsanani wajen tace mutanen da yake karɓar hadisi daga gare su. An ruwaito ya ce ya riski mutum saba'in a masallacin Madina suna ba da hadisi, kowanensu in an ba shi amanar baitulmali zai riƙe, amma bai karɓi komai daga gare su ba, don ba su ne ma'abota wannan fanni ba. Duk da haka ya ruwaito daga wani mutum mai suna Abdulkarimu ɗan Abul Muhariƙ, mutumin Basra, wanda malaman hadisi suka raunana. Ibnu Abdil Barri, malamin Andalus da ya yi wa Muwaɗɗa sharhi, ya bayyana dalili: kyan kama da natsuwar mutumin ne suka ruɗi Maliku, kuma ba ɗan garinsa ba ne balle ya san shi. Ya ƙara da cewa abin da Maliku ya ɗauko daga gare shi na kwaɗaitarwa ne da falala, bai gina hukunci a kansa ba. Ku riƙe waɗannan abubuwa biyu, kyan kama da baƙunta, domin su ne suka ci dattijon da muka ba ku labarinsa.

Amma fuska ta biyu, wato raina mutum saboda kamanninsa, ita ta fi haɗari ga lahirarmu. Buhari ya kawo daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa wani mai hali ya wuce ta gaban Annabi, sai ya tambayi sahabbai abin da suke gani game da shi. Suka amsa cewa wannan in ya nemi aure za a ba shi, in ya yi ceto za a karɓa, in ya yi magana za a saurara. Can sai wani daga matalautan Musulmi ya wuce, ya sake tambaya, suka faɗi kishiyar wancan. Annabi ya sanar da su cewa talakan nan ya fi cikin ƙasa na irin wancan alheri. Haka Bani Isra'ila suka ƙi Ɗalutu lokacin da aka naɗa musu shi sarki, hujjarsu ita ce ba shi da yalwar dukiya, alhali Allah Ya fifita shi da ilmi da ƙarfin jiki, kamar yadda ya zo a aya ta 247 ta Baƙara. Haka kuma Aɗa'u ɗan Abu Rabahi, baƙar fata ne, ɗan bayi, mai naƙasa a jiki, wanda in ka gan shi a hanya ba za ka waiwaya ba, amma shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa, har halifa Sulaimanu ɗan Abdulmaliki yakan zauna gabansa yana tambayar hukuncin aikin hajji.

Mafi ban tsoro a wannan babi shi ne abin da ya sami Usamatu ɗan Zaidu, masoyin Annabi kuma ɗan masoyinsa. A wani yaƙi ya rinjayi wani mutum, mutumin ya yi kalmar shahada, Usamatu ya ga a ransa cewa tsoron takobi ne ya sa shi, ya kashe shi. Da labari ya kai ga Annabi, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya gani, ya yi ta maimaita masa har Usamatu ya yi burin da ma a ranar ya fara shiga Musulunci. Abin da Usamatu ya zata mai yiwuwa ne a hankalce, amma shari'a ba ta ba shi damar yin aiki da zatonsa a kan ran mutum ba.

Fasali na uku: abin da ke kawo kuskuren

In muka lura, za mu ga sabubba huɗu. Na farko, wanda ya zo neman wani abu wurinka ya shirya wa wannan zama. Riga ana aronta, turare ana sayensa, ladabin yini guda kowa yana iyawa. Mayaudari kuwa wannan ita ce sana'arsa, ya fi mai gaskiya gwanintar ganin farko, domin mai gaskiya bai taɓa zama ya koyi yadda zai yi kama da mai gaskiya ba.

Na biyu, halin da baƙon yake ciki. Wanda ya kwana a mota daga Agadas, ko yake da majinyaci kwance, ko yake da kunya, ko harshenka bai zauna a bakinsa ba, zai zo maka da ɗaurarriyar fuska da gajeruwar magana, ka ce girman kai ne, alhali gajiya ce ko damuwa.

Na uku, halin da kai kanka kake ciki. Mai jin yunwa da la'asar a watan azumi ba ya ganin mutane yadda yake ganinsu bayan shan ruwa. Mafi muni shi ne kwaɗayi: wanda aka yi wa alkawarin ribar da ta wuce hankali, ko aka nuna masa mota a ƙofar gida, idonsa ba ya ganin aibi ko da ya kai girman raƙumi. Da yawan waɗanda aka cuta ta wayar salula, muryar da ba su taɓa ganin mai ita ba ta raba su da jaka hamsin ko ɗari, in ka bincika za ka tarar kwaɗayi ne ya fara buɗe ƙofa kafin ɓarawo ya shigo.

Na huɗu, kamanta mutum da wani. Wani ya taɓa cutarka, sai ka ga mai irin fuskarsa, ko mai irin harshensa, ko ɗan ƙabilarsa, ka ɗora masa laifin da bai ji ba bai gani ba. A ƙasarmu Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu da Babarbare suna haɗuwa a kasuwa guda da sahu guda, kuma kowace jama'a tana da na kirki da na banza. Kama da wane ba ta wane. Sannan ku sani, zuciya in ta riga ta yanke hukunci sai ta koma neman shaidu wa kanta: wanda ta so, ko ya yi kuskure sai ta ce mantuwa ce; wanda ta ƙi, ko ya yi alheri sai ta ce riya ce. Ta haka kuskuren sa'a guda yake zama zaluncin shekara ashirin.

Fasali na huɗu: ma'aunin da magabata suka bar mana

An ruwaito cewa wani mutum ya zo ba da shaida gaban Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda. Umaru ya ce bai san shi ba, ya nemi ya kawo wanda ya san shi. Wani ya miƙe ya ce shi ya san shi da adalci. Umaru ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa, wanda ya san darensa da yininsa, da shigarsa da fitarsa. Ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa ma'amalar dinari da dirhami, wadda da ita ake gane tsantsenin mutum. Ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa tafiya tare, wadda da ita ake gane kyawawan ɗabi'u. Ya ce a'a. Sai Umaru ya ce masa to bai san shi ba. A wata ruwaya ya ƙara da cewa wataƙila ya gan shi ne a masallaci yana sunkuyawa yana ɗagowa.

Maƙwabtaka, da kuɗi, da tafiya. Hikimar waɗannan uku ita ce dukansu suna buƙatar lokaci, kuma a cikinsu mutum ba ya iya riƙe fuskar aro. Maƙwabci yana jin yadda kake magana da iyalinka in ƙofa ta rufe. Abokin ciniki yana ganin abin da kake yi ranar da bashi ya cika. Abokin tafiya yana ganinka lokacin da guzuri ya ƙare, mota ta lalace a daji, ruwa ya rage gora guda. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Malaman mazhabarmu sun mayar da wannan hukunci. A Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa ba a karɓar mutum guda wajen tsarkake shaida, haka ma wajen sukarsa. Shaihu Halilu a Muhtasar ya sharɗanta cewa mai tsarkake shaida ya zama mai basira wanda ba a ruɗinsa, ya dogara ga daɗewar zama da mutumin, ba ga ji daga bakin mutane ba, kuma ya kasance ɗan kasuwarsa ko ɗan unguwarsa in hakan ya samu. In shari'a ta yi wannan tsanani a kan wanda zai yi shaida a kan akuya, yaya za mu yi sakaci a kan wanda zai tafi da ɗiyarmu?

Kakanninmu ma a kan haka suka gina kasuwanci. Fataken da suke zuwa Gwanja ɗauko goro ba su mu'amala da baƙon gari sai ta hannun mai masauki, wanda ya san mai saye ya san mai sayarwa, kuma shi ake kamawa in an saɓa. Har yau a kasuwar dabbobi dillali ne yake tsayawa ya lamunce cewa bisar nan ba ta sata ba ce. Wanda zai ɗora wa baƙo buhunan albasar Galmi bashi zuwa Abidjan ko Akra, in yana da hankali, sai ya nemi wanda ya san gidan baƙon.

Fasali na biyar: to, yaya za mu yi da baƙo?

Wani zai ce: ashe malam yana koya mana mugun zato ke nan? Allah Ya tsare. Suratul Hujurati wadda ta umurce mu a aya ta 6 da mu tabbatar da labari kafin mu yi aiki da shi, ita ce a aya ta 12 ta hana mu yawan zato da bin diddigin asirin mutane. Babu karo tsakaninsu. Abin da ake nema shi ne mu raba abu biyu da mutane suke cakuɗawa, wato haƙƙi da amana.

Haƙƙi ana ba da shi nan take, ba a jiran bincike. Ka amsa sallamarsa, ka sake masa fuska, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ka ba shi ruwa da abin buɗa baki, ka matsa masa a sahu, ka kyautata masa zato, ka kame harshenka daga mutuncinsa. Wannan nasa ne ko ya zo da tsumma ko da babbar riga, ko zuciyarka ta so shi ko ba ta so shi ba.

Amana kuwa ba a ba da ita sai bayan sani. Ɗiyarka amana ce. Dukiyarka da ta marayun da ke hannunka amana ce. Kuɗin da jama'a suka tara don masallaci amana ne. Ɗanka da wani zai ce a ba shi ya tafi da shi karatu ko neman kuɗi a wata ƙasa amana ne. Addininka shi ne mafi girman amana, saboda haka kafin ka zauna gaban mai wa'azin da ba ka sani ba ka ɗauki fatawarsa, ka tambayi wurin wa ya yi karatu, kuma su wa suka san shi.

Tambaya a nan ba cin fuska ba ce, amsa ta gaskiya kuma ba giba ba ce. Faɗimatu ɗiyar Ƙaisu ta zo wa Annabi shawara a kan maza biyu da suka nemi aurenta. Ya gaya mata a fili cewa ɗaya ba shi da dukiya, ɗayan kuma ba ya ajiye sandarsa, ya nuna mata Usamatu. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim. Da farko ba ta so Usamatu ba, daga baya ta ce Allah Ya sanya mata alheri a auren. Ga ganin farko ya sake kuskure, shawara ta gyara shi. Don haka wanda aka tambaye shi halin mai neman aure ko mai neman bashi, ya faɗi abin da ya sani gwargwadon buƙata, kada ya ƙara, kada ya ɓoye don kunya. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba. Cewa “mutumin kirki ne” a kan wanda ka gani sau biyu a masallaci shaida ce, kuma za a tambaye ka ita.

In zuciyarka ta ƙi mutum a ganin farko, kana da damar ka yi hattara, ka jinkirta, ka yi istihara, ka aika a tambayo garinsu. Ba ka da damar ka ambace shi da sharri ko ka hana shi haƙƙinsa. In zuciyarka ta so shi, ka gode wa Allah, amma ka aika a tambayo duk da haka. Mai gaskiya bincike ba ya rage shi da komai, wanda kuwa ya matsa maka lamba ya ce sai yau sai yanzu, wannan gaggawar tasa ita kanta abin lura ce. Matambayi ba ya ɓata.

Wanda kuma ya san ya taɓa yanke wa wani hukunci a kan ganin ido, ya ƙaurace masa shekaru, ko ya ɓata sunansa a zaure, to ga watan gafara ya zo. Ya je ya same shi kafin salla, ya nemi afuwarsa tun suna da rai su biyun.

Ya Allah Ka nuna mana gaskiya Ka ba mu ikon binta, Ka tsare mu daga cutar da bayinKa da zato, Ka tsare mu daga masu cuta da kyan fuska. Ka sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau. Ka haɗa ƴaƴanmu da abokan zama na gari, Ka ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka, Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Allah Shi ne Mafi sani.